Ciwon Gawut da Sauran Cututtukan Gaɓɓai: Abin da Hoton Asibiti Ke Iya Nunawa



Sana'ata harshe ce, saboda haka ta ƙofar harshe zan shiga wannan magana, da kalma guda wadda kowa a ɗakin nan ya sani, watau sanyi. In tsohuwa ta kasa tashi daga tabarma sai ta dafa bango, mukan ce sanyi ne. In yatsun matar aure mai ƙuruciya suka kumbura har zobe ya ƙi fita, sanyi ne. In magidanci ya kwanta lafiya lau, tsakar dare ya farka babban yatsan ƙafarsa na zogi kamar an ɗora masa garwashi, sanyi ne. In yaro ya wayi gari da zazzaɓi, ya ƙi yarda ko a taɓa cinyarsa, shi ma dai sanyi ne ya kama shi. Wanda ya so ya bayyana kaɗan ya ce sanyin ƙashi, ko amosanin gaɓɓai. To, waɗannan mutane huɗu cututtuka huɗu ne daban-daban ke damunsu, maganin kowace dabam, kuma ta yaron nan tana iya lalata gaɓar cikin 'yan kwanaki in aka tsaya shafa man zafi. Likitoci sun lissafta cututtukan gaɓɓai fiye da 100. Mu kuwa mun zuba su duka a ƙwarya ɗaya. Abin da nake so mu duba yau shi ne yadda hoton asibiti ke taimakawa a rarrabe su, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Domin sauƙin bayani zan yi amfani da sunaye uku. Ciwon tsohuwar nan, wanda guringuntsin gaɓa ke cinyewa a hankali saboda shekaru da nauyin jiki da tsohon rauni, zan kira shi zaizayar gaɓa. Na matar nan, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa tantanin da ke lulluɓe gaɓɓai, zan kira shi rumatoyid, kamar yadda ake kiransa a asibiti. Na magidancin shi ne gawut, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Sunan gawut ya samo asali ne daga kalmar Latin mai ma'anar ɗigo, don mutanen da sun ɗauka wani mugun ruwa ne ke ɗiga cikin gaɓa. Larabawa na kiransa niƙris, har ma babban likitan nan na Rayyi da Bagadaza, Abubakar Ar-Razi, wanda ya rayu a ƙarni na 9 zuwa farkon na 10, ya rubuta maƙala sukutum a kansa. A Ingila likita Thomas Sydenham, wanda shi kansa ya sha fama da ciwon shekaru masu yawa, ya siffanta shi a 1683, siffar da har yau ake koya wa ɗalibai: yana zuwa da dare ba sallama, ya fi son gindin babban yatsan ƙafa, wurin ya yi ja ya kumbura ya ɗau zafi, har mai ciwon ba ya iya jure nauyin mayafi. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ya lafa kamar ba a yi ba, ko an sha magani ko ba a sha ba. Wannan lafawa ita ce ke yaudarar mutane. Duk abin da aka sha ko aka shafa a ranakun ƙarshe, shi za a yaba wa.

Tushen ciwon wani sinadari ne da ake kira asidin yurik. Jiki da kansa ke samar da mafi yawansa sa'ad da tsofaffin ƙwayoyin halitta ke rushewa, saura kuma daga abinci yake zuwa, musamman jan nama da kayan ciki irin su hanta da ƙoda, da giya, da lemon kwalba mai zaƙi. Ƙoda ce ke fitar da kamar kashi biyu cikin uku nasa ta fitsari, hanji ya fitar da ragowar. A wurin akasarin masu gawut, ƙodar ce ba ta fitar da shi yadda ya kamata, kuma gado na da hannu a ciki ƙwarai. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari su ma suna ƙara shi, abin da ya kamata ma'aikatan da suka haura shekara 40 su riƙe. Ya fi kama maza, mata kuwa galibi sai bayan sun daina al'ada.

Kowa ya san in aka cika wa shayi sukari, in ya huce sai a ga ragowar ta kwanta a gindin kofi. Haka jini yake. In asidin ya wuce kimanin miligiram 6.8 a kowane kashi ɗaya cikin goma na lita, ruwan jiki ba ya iya narkar da shi duka, sai ya daskare ya zama gishiri mai siffar allurai ƙanana, ya kwanta a gaɓɓai da jijiyoyi. Kuma da yake ya fi saurin daskarewa a inda ɗumin jiki ya yi ƙasa, yatsan ƙafa da ke nesa da zuciya ya zama wurin da ya fi so. A nan kam sai in ce kakanninmu da suka ambaci sanyi ba su faɗi ƙasa warwas ba. In aka bar ciwon shekara da shekaru, gishirin na taruwa ya zama ƙullutu mai fari kamar alli a yatsu, da gwiwar hannu, da agara, har da gefen kunne.

An daɗe kafin a kai ga wannan sani. Antonie van Leeuwenhoek, mutumin Holand, ya ga alluran a madubinsa tun 1679 ba tare da ya san ko mene ne ba. Alfred Garrod a Landan ya nuna a 1848 cewa asidin ya yi yawa a jinin masu ciwon. Sai a 1961 Daniel McCarty da Joseph Hollander a Filadelfiya ta Amurka suka zuƙo ruwan gaɓar masu ciwon da sirinji, suka duba shi a madubin likita mai tace haske, suka ga alluran ƙuru-ƙuru. Tun daga ranar har yau wannan gwaji shi ne alƙali. In an ga alluran gishirin yurik a ruwan gaɓa, magana ta ƙare.

To, sai wani ya ce, in haka ne me ya kawo hoto? Dalilai ne na zahiri. Gaɓar yatsa ƙarama ce, shigar da allura cikinta sai gwani. Madubin mai tace haske ba kowane ɗakin gwaji ke da shi ba. Sau da yawa kuma mai ciwon ba ya zuwa asibiti sai kumburin ya saɓe, babu ruwan da za a zuƙa. Gwajin jini kuwa shi kaɗai ba abin dogara ba ne, domin mutane da yawa asidinsu ya hau amma ba su taɓa yin gawut ba, wasu kuma a tsakiyar ciwon ne ma awon ke sauka ya nuna kamar lafiya lau.

Hoton ƙashi, wanda ake ce wa eksire, shi ne babban wa a gidan. Wilhelm Rontgen ya gano hasken a Jamus ranar 8 ga Nuwamba 1895, kafin shekarar ta fita ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Aka ba shi kyautar Nobel a 1901. Hasken na ratsa tsoka cikin sauƙi, ƙashi kuwa ya tare shi, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari. Guringuntsi ba ya fitowa sam. Abin da likita ke gani shi ne fili tsakanin ƙashi da ƙashi, daga faɗin filin nan yake gane ko guringuntsin na nan ko ya cinye.

Ga abin da nake so kowa ya tafi da shi game da eksire da gawut: a shekarun farko hoton ba ya nuna kome sai ɗan kumburin tsoka. Mutum na kuka da hawaye, takarda ta fito ta ce ƙashi lafiya. Da yawa daga nan suke yanke ƙauna daga asibiti, su ce ai ko hoto bai ga kome ba, lalle abin na iska ne ko sammu. Alhali hoton bai yi ƙarya ba, gishirin ne bai kai ga cin ƙashi ba tukuna, kuma hakan yakan ɗauki shekaru. In ya kai, alamarsa ba ta ɓoyuwa ga wanda ya san aiki. Za a ga rami a ƙashi mai tsabtataccen baki kamar gaigayar ɓera, ɗan nesa kaɗan da tsakiyar gaɓar, leɓen ƙashin ya rufo kansa kamar bakin kogi da ruwa ya zaizaye ƙarƙashinsa. Likitan hoto William Martel ne ya ja hankali ga wannan leɓe a 1968. Bugu da ƙari, filin gaɓar na nan da faɗinsa har sai ciwon ya yi nisa, kuma ƙashin da ke kewaye bai yi laushi ba.

Ku kwatanta da rumatoyid. Shi yakan kama hagu da dama tare, wuyan hannu da gindin yatsu da tsakiyarsu, mai shi ya tashi da safe hannuwa a sandare har awa guda ko fiye. A hoto ƙashin da ke kusa da gaɓa yakan yi duhu don ya rasa ƙarfinsa, filin gaɓar ya tsuke baki ɗaya, ramukan su fito a gefe daidai inda guringuntsi ya ƙare, ba su da leɓen nan. Zaizayar gaɓa kuma filin gefe guda yake tsukewa, a gwiwa galibi ta ciki, ƙashin ƙarƙashi ya yi tauri ya ƙara fari, ƙananan ƙahoni su tsiro a bakin gaɓar. Kellgren da Lawrence a Ingila sun tsara mata matakai daga 0 zuwa 4 a 1957, kuma har yanzu ana aiki da su. Hoton gwiwa a tsaye ya kamata a ɗauke shi, nauyin jiki na kanta, in ba haka ba filin zai nuna faɗin da ba shi da shi.

Game da zaizaya ina da ra'ayi, kuma ba ni kaɗai ba. Ana yawaita ɗaukar hoton da ba a bukata. Dattawa da yawa in aka ɗauki gwiwarsu za a ga ƙahonin nan alhali ba sa jin ciwon kome, wasu kuma suna ɗingishi hoton bai nuna abin kirki ba. Ƙa'idar da hukumar tsara magani ta Ingila ta fitar a 2022 ta ce wanda ya kai shekara 45, ciwonsa na tashi da motsi, sandarewar safe ba ta wuce minti 30, ana iya gane zaizaya a jikinsa ba tare da hoto ba. Likitan da ya duba ka ya ce ba sai an yi hoto ba, ba rowa ya yi maka ba.

Yanzu sai na'urar da a ganina ta fi dacewa da halinmu, watau sikanin, wadda mata masu juna biyu suka fi kowa sani. Ian Donald na Gilasgo ya buga aikinsa a kanta a 1958. Ba haske take amfani da shi ba, sauti ne siriri wanda kunne ba ya ji, tana aika shi cikin jiki tana sauraron amsa-kuwwarsa. A allonta ƙashi kan fito kamar farin layi, guringuntsin da ke kansa kuma baƙi wuluk. In gishirin yurik ya shafe saman guringuntsin, sai a ga farin layi na biyu a sama yana bin na ƙasa kafaɗa da kafaɗa, baƙin guringuntsi a tsakaninsu. Wannan tagwayen layi, wanda Thiele da Schlesinger suka yi bayaninsa a 2007, yana bayyana tun ƙashi bai taɓu ba, kuma ana iya ganinsa ko ciwon ya lafa. Na'urar tana nuna ƙullutun da hannu bai kai ga ji ba, tana nuna ruwa a gaɓa, tana kuma yi wa allura jagora har inda ruwan yake. In aka riƙe awon asidin ƙasa da 6 watanni da dama, layin na biyu yakan ɓace, sai mai ciwo ya ga amfanin maganinsa da idonsa.

Akwai wani ciwo mai kama da gawut har ake ce masa gawut na ƙarya, wanda McCarty da abokan aikinsa suka bayyana a 1962. Gishirinsa na kalsiyam ne, ya fi kama gwiwa da wuyan hannun tsofaffi. A sikanin gishirin na cikin tsakiyar guringuntsi ne, ba a samansa ba, a eksire kuma yakan fito kamar siririn zare fari a cikin filin gaɓa. Bambancin na da amfani, domin maganin rage asidin yurik ba ya yi masa kome. A rumatoyid ma sikanin na nuna kaurin tantani da yawan gudun jini a cikinsa tun kafin eksire ya ga rami, kuma a wannan ciwo watannin farko su ne masu tsada, domin ramin da ya riga ya haƙu da wuya ya cike. Aibin sikanin guda ne: idon mai riƙe da ita shi ne rabin na'urar. Wanda bai ƙware ba yana iya ganin ƙyallin saman guringuntsi lafiyayye ya ce tagwayen layi ne.

Na'urar siti, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan a 1971, tana ɗaukar jiki yanka-yanka da hasken eksire. Akwai sabon nau'inta mai aika haske iri biyu, mai ƙarfi da mai rauni, galibi kilobolt 140 da 80. Da yake gishirin yurik da kalsiyam ba sa tare hasken nan biyu daidai wa daida, kwamfuta na iya rarrabe su, ta shafa wa yurik launi, yawanci kore, har ta auna yawansa. Hyon Choi da abokan aikinsa a Bankuba ta Kanada sun buga sakamakon gwada ta a kan masu gawut a 2009. Abin sha'awa ne ƙwarai a ga ƙafar mutum a allo da koren gishiri manne a jijiyoyinta. Amma tana da tsada, takan kasa ganin gishirin in ciwon sabo ne bai taru ba, takan kuma shafa kore a farce da kaurin fatar diddige inda babu kome. A 2015 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka da takwararta ta Turai suka fitar da ma'aunin gawut na haɗin gwiwa. Ana neman maki 8. Tagwayen layi a sikanin ko koren gishiri a siti maki 4 ne, ramin nan a eksire shi ma 4, saura daga labarin ciwon da awon jini. Domin bincike aka tsara ma'aunin, amma ya nuna matsayin da hoto ya kai. Ya kuma nuna cewa sai wanda gaɓarsa ta taɓa kumbura ko ciwo ake auna wa, ba a fara lissafi daga hoto.

Na'urar maganaɗisu, wadda aka fi sani da MRI, ba ta da wani babban aiki a gawut na yau da kullum. Amfaninta na wurin ɓargo da laka da gaɓɓan da ke can ciki, kuma a nan ne maganar ta fi shafarmu. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu amosanin jini, watau sikila. Ɗaya daga cikin illolinta shi ne toshewar jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, sai ƙashin ya mutu a hankali ya lotsa. Saurayi ko budurwa mai sikila da ke kukan ciwon kwatangwalo ko matsematsi, eksire na iya cewa lafiya watanni da yawa, MRI kuwa ta ga abin tun kan ƙashin na nan da siffarsa, lokacin da ake iya ceto shi. Haka tarin fuka na ƙashin baya, wanda Percivall Pott ya siffanta a 1779. Yana cin ƙashin baya biyu maƙwabta da faifan da ke tsakaninsu, mugunya ta taru a gefe, in aka yi sakaci baya ya karye ya zama ƙusumbi, ko laka ta danne ƙafafu su mutu. Ciwon baya da ya wuce makonni, ga rama ga zufan dare, bai kamata a kira shi sanyi ana gasa shi da ruwan zafi ba, domin ciwo ne mai warkewa da maganin tarin fuka. Sai dai mai ƙarfe a jiki, ko na'urar bugun zuciya, lalle ya faɗa kafin a shigar da shi, don maganaɗisun ba na wasa ba ne.

Mu koma kan yaron nan mai zazzaɓi. Gaɓa guda mai zafi da kumburi, ko ga yaro ko ga babba, ana ɗaukarta a matsayin ƙwayar cuta ce ta shiga har sai an tabbatar ba haka ba ne. Eksire a kwanakin farko ba zai nuna ba, ko cutar ta shiga ƙashi yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin alama ta fito. Sikanin za ta nuna ruwa, amma ba za ta faɗi ko mugunya ce ko gishiri ba. Wanda aka san yana da gawut ma yana iya haɗa biyun a gaɓa ɗaya. A nan babu hoton da ke maye gurbin sirinji, kuma ranar ce ake zuƙa, ba gobe ba. Sakiya ko ƙaho a kan irin wannan gaɓa ƙofa ce ake buɗe wa wata ƙwayar.

Me ya sa duk wannan wahala ta neman suna? Domin gawut na cikin 'yan cututtukan gaɓɓai da ake iya kashe wa kaifi kusan gaba ɗaya. Alofurinol, wanda ya fito daga aikin Gertrude Elion da George Hitchings aka fara ba da shi a 1966, yana rage asidin, in aka dawwama a kansa gishirin da ya taru ya narke. Wanda bai san sunan ciwonsa ba kuwa kemis zai dinga zuwa yana sayen maganin kashe zafi irin su dikulofenak shekara da shekaru. Waɗannan in aka daɗe a kansu suna taɓa ƙoda da tumbi, ƙodar da ta raunana kuma ta ƙara riƙe asidin, ciwon ya ƙaru, a ƙara ƙwaya.

Kalma ta ƙarshe ga ma'aikatan da takardun sayen kayan asibiti ke bi ta teburinsu. Babbar na'ura na da daɗin buɗewa a gaban jama'a, amma tana son wuta tsayayya, da ɗaki mai sanyi, da injiniya a kusa. Sikanin kuwa ta riga ta shiga asibitoci da yawa saboda masu juna biyu. Abin da ya rage shi ne kan da ake duba gaɓa da shi, domin na duban ciki mai lanƙwasa ne, yana hangen nesa amma ba ya ganin ƙananan abubuwa, na gaɓa kuwa miƙaƙƙe ne mai siririn sauti, yana ganin abin da ke dab da fata dalla-dalla. In aka sayi wannan kai, aka tura ma'aikaci ya koyi duban gaɓɓai a hannun gwani, aka kuma sa wa madubin ɗakin gwaji matatar haske, babban asibitin lardi zai iya gane akasarin masu gawut ba tare da an tura kowa wani gari ba.

Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.